Nazarin Fim Mai Tushe Daga Labarin Gaskiya: Fashin Teku a Fim ɗin Captain Phillips

1.0 Gabatarwa

Masu nazarin Hausa sun daɗe da karɓar fim a matsayin wani reshe na wasan kwaikwayo na zamani. Tun daga shekarar 1976, lokacin da Adamu Halilu ya mayar da littafin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa zuwa majigi, har zuwa 1990 da ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya a kaset ɗin bidiyo, Bahaushe ya saba da ganin labari a allo. A yau kuwa abin ya wuce finafinan Hausa. Yaron da ke Kazaure ko Babura ko Roni ko Gwiwa yana kallon finafinan Indiya da na Amurka a gidan kallo ko a wayar hannu, wasu da harshensu na asali, wasu kuma an ɗora musu fassarar Hausa.

Daga cikin waɗannan finafinai akwai waɗanda ake rubutawa a farkonsu cewa an gina su ne a kan abin da ya faru da gaske. Irin wannan sanarwa takan sa mai kallo ya saki jiki, ya ɗauki duk abin da ya gani a matsayin tarihi, domin Hausawa sun ce gani ya kori ji. Nan ne aikin malamin adabi ya taso. Wannan darasi zai ɗauki fim ɗin Captain Phillips na shekarar 2013, wanda ke magana a kan fashin teku a gaɓar Somaliya, domin ya nuna yadda ake nazarin irin wannan fim ta fuskar zubi da tsari, da jigo, da taurari, da salo, sannan a gwada shi da ainihin abin da ya faru.

2.0 Manufar Darasi

Ana sa ran cewa a ƙarshen wannan darasi ɗalibi mai koyon aikin malanta zai iya:

(a) bayyana asalin labarin da aka gina fim ɗin a kansa;
(b) fito da zubi da tsarin fim ɗin, da jigonsa, da taurarinsa, da salonsa;
(c) rarrabe abin da ya faru a tarihi da abin da mai ba da umarni ya zaɓa ya nuna;
(d) tsara darasi a kan fim ɗin ga ɗaliban da ba su taɓa ganin teku ba.

3.0 Tushen Labarin

3.1 Fashin Teku a Gaɓar Somaliya

Fashin teku shi ne tare jirgin ruwa da makami domin a ƙwace kayan da ke cikinsa, ko jirgin kansa, ko kuma a kama mutanen da ke ciki har sai an biya kuɗin fansa. Ƙasar Somaliya tana da gaɓar teku mai tsawon sama da kilomita 3,000, wadda ita ce mafi tsawo a doron nahiyar Afirka, kuma ta kusa da ita jiragen da ke zirga-zirga tsakanin Asiya da Turai ta mashigin Suwez suke bi. Da gwamnatin Siad Barre ta faɗi a shekarar 1991, sai ƙasar ta shiga yaƙin basasa, aka rasa hukumar da za ta tsare ruwanta. Manyan jiragen kamun kifi na ƙasashen waje suka riƙa shigowa suna kwasar kifi ba tare da izinin kowa ba. Wasu masunta suka fara tare irin waɗannan jirage suna karɓar tara, daga baya kuma masu hannu da shuni da madugan yaƙi suka gane cewa akwai riba a ciki, suka mayar da abin sana'a. Su ne ke sayen makamai da man fetur da kwale-kwale mai inji, su tura matasa cikin teku.

A watan Nuwamban 2008 'yan fashin suka kama jirgin dakon mai na Saudiyya mai suna Sirius Star, ba su sake shi ba sai a watan Janairun 2009 bayan an biya fansa. Abin ya kai ƙololuwa a shekarar 2011, inda aka ƙirga hare-hare 237. Wani rahoto da Bankin Duniya ya fitar a 2013 tare da wasu hukumomi ya ƙiyasta cewa kuɗin fansar da aka biya tsakanin 2005 da 2012 ya kai tsakanin dala miliyan 339 da miliyan 413, kuma kaso mafi tsoka yana tafiya ne ga masu zuba jarin da ke zaune a tudu. Daga shekarar 2012 hare-haren suka ragu ƙwarai saboda sintirin sojojin ruwa na ƙasashe daban-daban da kuma ɗaukar masu gadi da makamai a cikin jirage, ko da yake an sake ganin wasu hare-hare a ƙarshen 2023 da cikin 2024.

3.2 Abin da Ya Faru a Watan Afrilun 2009

Jirgin Maersk Alabama jirgin dakon kaya ne mai ɗauke da tutar Amurka. Ya taso daga tashar Salala ta ƙasar Oman zai tafi Mombasa a Kenya, da ma'aikata kimanin 20, kuma a cikin kayansa akwai abincin agaji. Ranar 8 ga Afrilu, 2009, wasu matasa huɗu 'yan Somaliya ɗauke da bindigogi suka hau shi a wani wuri mai nisan kimanin kilomita 440 daga garin Eyl. Mafi yawan ma'aikatan suka ɓuya a can ƙasan jirgi, suka kashe injuna da fitilu. Babban injiniyan jirgin, Mike Perry, ya yi nasarar kama shugaban maharan, Abduwali Muse, sunan da Bahaushe zai kira Musa. Aka shirya musaya, a ba su shugabansu su kuma su saki kyaftin ɗin jirgin, Richard Phillips. Ma'aikata suka cika nasu alkawarin, maharan kuwa suka tafi da kyaftin a cikin ƙaramin jirgin tsira, tare da dala 30,000 da suka karɓa daga akwatin ajiyar jirgin.

Washegari jirgin yaƙin Amurka mai suna Bainbridge ya iso wurin. Aka yi kwanaki ana ciniki. Ranar 12 ga wata, yayin da Muse yake cikin jirgin yaƙin, gwanayen harbi na sojan ruwa suka kashe sauran ukun, aka ceto kyaftin da rai. An kai Muse birnin Niyok, ya amsa laifinsa a 2010, kuma a watan Fabrairun 2011 aka yanke masa ɗaurin shekara 33 da wata 9.

4.0 Nazarin Fim ɗin

Richard Phillips ya rubuta labarinsa tare da Stephan Talty a wani littafi da ya fito a 2010. A kan wannan littafi ne Billy Ray ya rubuta wasan, Paul Greengrass, ɗan ƙasar Ingila, ya ba da umarni. Tom Hanks ne ya fito a matsayin kyaftin, Barkhad Abdi kuma ya fito a matsayin Muse. Tsawon fim ɗin minti 134 ne. Ya kamata ɗalibi ya riƙe wannan batu na littafi da kyau, domin yana nuna cewa tun daga tushe labarin ya biyo ne ta bakin mutum ɗaya daga cikin waɗanda abin ya shafa.

4.1 Zubi da Tsari

An zuba labarin ne a miƙe, wato daga farko zuwa ƙarshe, ba tare da komawa baya ba. Ana iya kasa shi gida huɗu.

Kashi na farko shimfiɗa ce mai fuska biyu. An nuna kyaftin a gidansa a jihar Vermont, matarsa tana raka shi filin jirgin sama, suna tattauna yadda duniya ta canza da wuyar samun aiki ga 'ya'yansu. Daga nan sai aka koma bakin teku a Eyl, inda yaran wani madugun yaƙi suka iso da motoci da bindigogi suna tilasta wa mutanen ƙauye su fita farautar jirgi. Matasa suna rububin a zaɓe su. Jera waɗannan fitowa biyu kusa da juna dabara ce ta nuna cewa mutanen nan biyu kowannensu neman abinci ne ya fito da shi, kuma kowannensu yana da wanda yake yi wa aiki.

Kashi na biyu shi ne farauta da shiga jirgi. A harin farko kyaftin ya yaudari maharan ta hanyar yin kamar yana magana da sojoji a rediyo, kwale-kwale ɗaya ya juya, injin na biyun kuma ya lalace. Washegari Muse ya dawo da mutum uku da tsanin ƙarfe, suka kutsa ta tsakanin ruwan da ake feso musu da mesa, suka hau.

Kashi na uku yana cikin ƙaramin jirgin tsira. A nan fili ya ƙuntata, zafi da ƙishirwa suka tsananta, maharan suka fara saɓa wa juna.

Kashi na huɗu ya ƙunshi ƙololuwar rikici da warwararsa, wato harbe mutum ukun, da kama Muse, da duba lafiyar kyaftin. Abin lura shi ne wurin da labarin ke gudana yana ta raguwa, daga faɗin teku zuwa babban jirgi, daga nan zuwa ɗan ƙaramin jirgi rufaffe. Gwargwadon yadda wuri ke matsewa, gwargwadon yadda fargabar mai kallo ke ƙaruwa.

4.2 Jigo

Babban jigon fim ɗin shi ne nauyin shugabanci a lokacin tsanani. Shugabanni biyu ne suka yi arba, kowanne da mutanen da rayukansu ke hannunsa. Kyaftin yana ƙoƙarin karkatar da hankalin maharan daga inda ma'aikatansa suka ɓuya. Muse kuma yana ƙoƙarin riƙe yaransa, alhali ya san ba zai iya komawa gida hannu rabbana ba, domin akwai na sama da shi da ke jiran kuɗi. A fitowar da ta fi shahara, Muse ya tsaya gaban kyaftin a ɗakin tuƙi ya sanar da shi cewa daga yanzu shi ne shugaban jirgin. Sauran fim ɗin kuwa yana nuna yadda wannan shugabanci na bakin bindiga yake zamewa daga hannunsa sannu a hankali.

Daga cikin ƙananan jigogi akwai talauci da rashin hukuma. Muse ya ce su masunta ne, jiragen ƙasashen waje ne suka kwashe musu kifi. A wani wurin kuma ya yi alfahari da miliyoyin dalolin da suka taɓa samu daga wani jirgin Girka, sai kyaftin ya tambaye shi abin da ya sake fito da shi in haka ne. Rashin amsar kirki daga Muse ya isa ya nuna wa mai kallo cewa kuɗin ba aljihunsa suka shiga ba. Akwai kuma jigon bambancin ƙarfi, inda aka ga manyan jiragen yaƙi sun kewaye ɗan ƙaramin jirgi mai ɗauke da matasa huɗu ramammu. Sai kuma jigon sakamakon mugun aiki, wanda ɗalibai za su iya dangantawa da karin maganar da ke cewa rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya.

4.3 Taurari

Babban tauraro shi ne Kyaftin Phillips. An nuna shi mutum mai tsanani wajen bin ƙa'ida, wanda ke duba makullan ƙofofi yana sa ma'aikata yin atisaye, har wasunsu suna gunaguni. Ya riƙe natsuwarsa kusan har ƙarshe, sai da aka cece shi sannan jikinsa ya ɗauki rawa, magana ta gagare shi.

Abokin karawarsa shi ne Muse. Ba a zana shi a matsayin mugu tsantsa ba. Yana da wayo da ƙarfin hali, yana kuma yawan kwantar wa kyaftin da hankali cewa kuɗi kawai suke so. Sauran ukun kowanne an ba shi hali guda da ake gane shi da shi: Najee mai zafin rai ne da saurin ɗaga bindiga, Bilal ƙaramin yaro ne da ya taka fasasshen gilashi babu takalmi, Elmi kuma shi ne matuƙi.

Barkhad Abdi, wanda ya fito a matsayin Muse, an haife shi a Mogadishu a 1985, ya yi ƙuruciya a Yaman, sannan iyalinsa suka koma birnin Minneapolis na Amurka. Direba ne kafin a ɗauke shi, kuma wannan ne fim ɗinsa na farko. Rawar da ya taka ta sa ya samu kyautar BAFTA ta Ingila a 2014 a rukunin mataimakin jarumi.

4.4 Salo

Salon fim ya ƙunshi harshe da hoto da sauti. Greengrass ya yi amfani da kyamarar da ake riƙewa a hannu, hoto yana girgiza kamar na ɗan jaridar da ke tsakiyar rikici, abin da ke sa mai kallo ya ji kamar rahoto yake kallo. An ɗauki mafi yawan fim ɗin a kan teku na gaske kusa da tsibirin Malta, a cikin wani jirgi irin Maersk Alabama. Haka kuma an hana 'yan wasan Somaliya haɗuwa da Tom Hanks har sai ranar da aka ɗauki fitowar da suka faɗa ɗakin tuƙi, domin firgitar ta fito sosai a fuska. A fitowar ƙarshe ma, wadda ta duba lafiyar kyaftin ma'aikaciyar jinya ce ta sojan ruwa ta gaske.

Ta fuskar harshe, an yi amfani da Ingilishi da Somaliyanci. Idan maharan suna magana a tsakaninsu, sai a rubuta fassara a ƙasan allo. Mai kallo yakan san abin da suke cewa, kyaftin kuwa bai sani ba, kuma wannan yana ƙara tsananin fargaba. Duk waɗannan dabaru manufarsu guda ce, wato su sa abin ya yi kama da gaskiya. Saboda haka ne ma ya wajaba mai nazari ya ƙara sa ido.

5.0 Tsakanin Fim da Tarihi

Mai shirya fim yana da sa'o'i biyu ne kawai, don haka dole ya zaɓi abin da zai nuna, ya bar wani. Ga wurare huɗu da ya kamata a lura da su.

Na farko, lokaci. Kyaftin ya shafe kwana huɗu zuwa biyar a cikin jirgin tsira, amma fim ya dunƙule su cikin kimanin awa guda.

Na biyu, rawar ma'aikata. Su ne suka kashe injuna, suka jure zafi na sa'o'i masu yawa a maɓoyarsu, suka kama Muse. Fim ya nuna wannan, amma da yake kyamara tana bin kyaftin ne, sai nasu ƙoƙarin ya zamo kamar rakiya.

Na uku, batun hanyar da jirgi ya bi. Wasu daga cikin ma'aikatan sun shigar da ƙara a kotu, suna zargin cewa an yi watsi da gargaɗin da aka bayar na a nisanci gaɓar Somaliya da kimanin kilomita 1,100. Kyaftin ya kare kansa da cewa nisan ba zai hana hari ba. Fim ɗin bai zurfafa cikin wannan jayayya ba, kuma ba abin mamaki ba ne, tun da daga littafin kyaftin aka ɗauko shi.

Na huɗu, shekarun Muse. Iyayensa sun ce yaro ne ɗan shekara 16, alƙali kuwa ya yanke cewa a yi masa shari'a a matsayin baligi. Wanda ya fito a matsayinsa ya haura shekara 25 lokacin ɗaukar fim. Da a ce yaro aka sa, da yadda mai kallo ke ji game da shi ya bambanta.

Wannan bai nuna cewa fim ɗin ƙarya ne ba. Abin da ya nuna shi ne kowane labari yana da idon da aka kalle shi da shi. Ana iya ganin haka idan aka dubi wasu finafinai biyu a kan maudu'in. Fim ɗin ƙasar Denmak mai suna A Hijacking na 2012, wanda Tobias Lindholm ya ba da umarni, ya bi mai dafa abincin jirgi da kuma shugaban kamfani da ke cinikin fansa ta wayar tarho tsawon watanni, babu soja babu ceto. Fishing Without Nets na 2014 kuwa ya bi wani masunci ɗan Somaliya da talauci ya tura cikin fashi. Maudu'i ɗaya ne, amma wanda mai kallo ke tausaya wa ya danganta da wanda kyamara ta raka gida.

6.0 Alaƙar Maudu'in da Nijeriya

Kada ɗalibi ya ɗauka cewa fashin teku matsalar Somaliya ce kaɗai. Bayan lafawarsa a can, sai mashigin tekun Gini, inda gaɓar Nijeriya take, ya zamo wuri mafi haɗari ga ma'aikatan jirage. A shekarar 2020, daga cikin ma'aikata 135 da aka sace a tekunan duniya, 130 a wannan yanki aka sace su. Nijeriya ta kafa dokar yaƙi da fashin teku a 2019, ta ƙaddamar da shirin tsaron ruwa na Deep Blue a Legas a watan Yunin 2021 ƙarƙashin hukumar NIMASA, kuma a watan Yulin wannan shekarar wata babbar kotun tarayya a Legas ta ɗaure mutum 10 shekara 12 kowanne saboda kama wani jirgin kamun kifi na ƙasar Sin. Duk abin da ya ƙara tsadar inshorar jirgi yana ƙara tsadar kayan da ake saukewa a Legas, kuma daga can ne kaya da dama ke isowa Kano da kasuwannin Jigawa.

Akwai kuma alaƙar da ta fi wannan kusa. Abin da ke zuciyar fim ɗin shi ne garkuwa da mutum domin kuɗin fansa, kuma arewa maso yammacin Nijeriya ta ɗanɗana wannan masifa a tudu. An kwashe ɗalibai sama da 300 a Ƙanƙara ta jihar Katsina a watan Disambar 2020, da 'yan mata 279 a Jangeɓe ta jihar Zamfara a watan Fabrairun 2021, aka kuma kai hari kan jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna ranar 28 ga Maris, 2022. Tsarin kusan ɗaya ne: wurin da hukuma ta yi rauni, matasa marasa aiki riƙe da bindiga, da manyan da ke cin riba daga nesa.

7.0 Koyar da Darasin a Yankin Kazaure

Malamin da aka tura gwajin koyarwa a Kazaure ko Babura ko Roni ko Gwiwa zai tarar da ɗaliban da teku ke nesa da su da kimanin kilomita 1,000. Ƙa'idar koyarwa ita ce a tashi daga abin da yaro ya sani zuwa abin da bai sani ba. Ga matakan da za su taimaka.

Mataki na farko, a kusanto da ma'auni. Ruwa mafi girma da yawancin ɗaliban suka sani shi ne irin madatsar ruwa ta Muhammadu Ayuba da ke Kazaure, inda suke ganin masunta da kwale-kwale. Malami ya fara daga nan. Tsawon Maersk Alabama mita 155 ne, wato kusan filin ƙwallo ɗaya da rabi, jirgin tsira kuwa bai wuce mita 9 ba, kusan tsawon ajin da suke zaune. Nisan wurin harin daga Eyl ya yi kusa da tafiyar Kano zuwa Abuja a mota.

Mataki na biyu, a yi amfani da tarihin fatauci. Kakannin ɗaliban sun san ayari mai zuwa Gwanja sayen goro, da ayarin Azbinawa mai kawo gishiri daga Bilma. Ayari yana da madugu, wanda Hausawa ke kira uban tafiya, da jagaba mai shige gaba. Madugu ne ke zaɓar hanya, shi ke ciniki da masu tare hanya, kuma shi ake tuhuma idan aka yi asara. Jirgin dakon kaya ayari ne a kan ruwa, kyaftin kuma madugunsa. Da wannan kwatance, tambayar ko kyaftin ya yi daidai da ya bi kusa da gaɓa za ta zamo tambayar da ɗalibai za su iya tafka muhawara a kanta. Kalmomin fashi da fansa da garkuwa duk tsofaffi ne a Hausa, kuma malaman fiƙihu sun yi bayanin hukuncin tare hanya ƙarƙashin babin hiraba.

Mataki na uku, a gwada da adabin gida. A cikin Shaihu Umar an sace yaro, aka ratsa hamada da shi, mahaifiyarsa kuma ta bi sawunsa har ita ma ta faɗa bauta. Ɗalibai su gwada yadda kowane labari ya nuna wanda aka kama da wanda ya kama shi da kuma iyalin da aka bari a gida.

Mataki na huɗu, a zaɓi fitowa. Darasi na minti 40 ba zai ɗauki fim ɗin gaba ɗaya ba, ga kuma matsalar wutar lantarki. Fitowa uku sun isa a nuna a kwamfuta: bakin teku a Eyl, da shiga ɗakin tuƙi, da hirar kyaftin da Muse a kan kamun kifi. Bayan kowace fitowa a tsaya a yi tambaya uku: wa aka nuna, wa aka bari, kuma wa aka so mai kallo ya tausaya wa?

Mataki na biyar, a yi hattara. Fim ɗin ya dace ne da babbar sakandare, kuma sai da sanin shugaban makaranta. Fitowar harbi tana da jini, bai kamata a nuna ta ba. Roni da Gwiwa suna maƙwabtaka da jihar Katsina, don haka mai yiwuwa ne a samu ɗalibin da abin garkuwa ya taɓa danginsa. Kada a tilasta wa kowa ba da labarin gidansu. Haka kuma malami ya kula da kurakurai biyu da tattaunawa kan faɗa ciki. Wasu ɗalibai za su ce duk 'yan Somaliya 'yan fashi ne, alhali su kansu mutanen Somaliya suna cikin waɗanda fashin ya cutar, domin har jiragen da ke kai musu abincin agaji an sha tarewa. Wasu kuma za su mayar da Muse gwarzo saboda talaka ne ya tsaya gaban ƙasa mai ƙarfi. Bayyana dalilin da ya jefa mutum cikin laifi daban ne da wanke shi daga laifin, kuma wajibi ne ɗalibai su fita daga aji da wannan bambanci.

8.0 Kammalawa

Wannan darasi ya bi tushen fim ɗin Captain Phillips a tarihin Somaliya da harin watan Afrilun 2009, ya nazarci zubi da tsarinsa da jigonsa da taurarinsa da salonsa, sannan ya gwada shi da abin da ya faru. An ga cewa dabarun da suka sa fim ɗin ya yi kama da gaskiya su ne kuma ke iya sa mai kallo ya manta cewa wani ne ya zaɓi abin da za a nuna masa. Malamin da ya koya wa ɗalibansa tambayar ta idon wa aka ba da labari ya ba su ma'aunin da za su yi amfani da shi a kan finafinan Hausa, da waɗanda ake fassarawa, da ma gajerun bidiyon da ke yawo a wayoyinsu.

9.0 Tambayoyin Auna Fahimta

1. Kawo dalilai uku da suka haifar da fashin teku a gaɓar Somaliya bayan shekarar 1991.
2. Me ya sa aka jera fitowar gidan kyaftin kusa da ta bakin teku a Eyl?
3. Yi bayanin babban jigon fim ɗin tare da ƙananan jigogi biyu.
4. Kawo wurare uku da fim ɗin ya bambanta da tarihi, ka faɗi tasirin kowanne ga mai kallo.
5. Gwada matsayin kyaftin a jirgi da na madugu a ayari.
6. Tsara darasi na minti 40 ga aji biyu na babbar sakandare a kan fitowa ɗaya daga cikin fim ɗin.